Katifar Anghel

A ƙauyenmu idan an yi mutuwa, kafin a aika wa Fada, limamin cocinmu, sai an fara aika wa Profira. Ba don ta fi shi daraja ba. Fada dai zai iya jira har gobe, amma ganyen kabeji ba ya naɗe kansa da nama, kuma jama'ar da za ta cika gidan ba addu'a kaɗai za ta ci ba. Tun tana amarya uwar mijinta ta tura ta cikin matan da ke girkin makoki. Ta fara da yankan albasa, har ta kai duk tukunyar da aka ɗora sai ta leƙa ta ce to. Ta san gidan da danginsu ke tsakurar abinci don kunya, ta san gidan da ke ci kamar yau aka sako su daga kurkuku. Alkamar sadaka kuwa, wadda ake dafawa da sukari a zana gicciye a kanta da garin koko, ba macen da ke taɓa ta in Profira na tsaye da ƙafafunta.

Ba ta taɓa karɓar ko kwabo a kan wannan aiki ba. Tawul ake ba ta da burodi kamar yadda aka saba, shi ya sa tawul ya cika mata akwati. Kuma ga ta da girman kai, gaskiya sai an faɗa. Ba irin na taƙama ba, irin na macen da ba ta taɓa ce wa mai kanti "sai ƙarshen wata" ba. In babu kuɗin mai, a ci tuwon masara da cuku a kwanta. Ta gwammace a ce mata marowaciya da a ce ana bin ta bashi.

Allah kuma da ikonsa sai ya haɗa ta da Anghel. Shi ne direban bas ɗin da ke kai mutane birnin Vaslui har ya yi ritaya, mutum mai dariya tun daga ciki, wanda kuɗi ba sa kwana a aljihunsa. Rabin ƙauyen nan sun hau motarsa kyauta. Wata shekara da sanyi ya kumbura wa Profira yatsu, sai ga shi ya dawo daga birni da injin wanki ɗaure a bayan tsohuwar motarsa.

"Da me ka saya?" ta tambaye shi.

"Da kyawun fuskata."

"To an cuce su a kantin."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ita kuma ta juya baya don kada ya ga tata. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗauka Rodica ce, 'yarsu tilo da ke jinyar wata tsohuwa a Italiya, ta turo masa kuɗin a ɓoye.

Anghel ya rasu da kaka, ana tsinkar inabi. Ya zauna a gindin kuranga wai bari ya ɗan huta, bai ƙara tashi ba. Rodica ta zo ta kashe abin da ta zo da shi a kan jana'iza, ta yi 'yan kwanaki ta koma, don tsohuwar da take kula da ita ba a barin ta ita kaɗai. Aka bar Profira da gida shiru da kuma sadakar arba'in a gabanta.

Wannan sadaka ita ta hana ta barci. Kowa ya sani a wurinmu, abin da ka ba talaka da sunan mamaci shi mamacin ke samu a can. Ka ba da takalmi, ya sa takalmi. Ka ba da tebur, ya samu inda zai ci abinci. Profira ta shirya wa matattun mutane da yawa kayansu, ta ga waɗanda aka yi wa sadaka cikakkiya, ta ga waɗanda aka sallama da tsohuwar riga da cokali ɗaya. Ba za ta yarda a sallami Anghel haka ba. Fiye da komai katifa take so ta ba da, mai kyau, mai kauri, don kujerar bas ta lalata masa baya, shekarunsa na ƙarshe da nishi yake kwanciya da nishi yake tashi. Sai dai fanshonta na gonar haɗin gwiwa ko kuɗin itacen hunturu ba ya kaiwa.

Rannan tana kwashe kayan aljihun Anghel ta ga katin banki biyu. Koren ta san shi, na fansho ne. Ɗayan mai ruwan zinariya ba ta taɓa ganinsa ba. Lambar sirri ba matsala ba ce, Anghel lamba ɗaya gare shi a duniya, shekarar haihuwar Rodica, har kwaɗon rumbu da ita yake buɗewa. Ta kira maƙwabciyarta Zenovia ta raka ta birni, don ita ba ta taɓa tsayawa gaban injin cire kuɗi ba. Zenovia kuwa ta iya, kamar yadda ta iya duk wani abin da bai shafe ta ba.

Koren katin ya nuna 'yan canji. Da aka sa mai zinariyar, lambar da ta fito sai da ta sa Profira dafa bango.

"Karanta mini kuma," ta ce.

Zenovia ta sake karantawa, tana jan kowace kalma. "Dubban lei ne, Profira. Ashe mutumin nan mai zurfin ciki ne. Muna ta yi masa kallon almubazzari, shi kuma yana tara kuɗin likkafaninsa."

Nan Profira ta yi kukan da ba ta yi ba a bakin kabari. Ta tsaya gaban injin, mutane na layi a bayanta, tana share hawaye da bakin ɗankwali. Ta yi ta yi masa faɗa a kan kuɗi tsawon zamansu, ashe shi yana tunanin ranar da zai bar ta. Daɗi da kunya suka haɗu suka cika mata ciki. Kuma abin da ya fi faranta mata, da kuɗinsa za a yi sadakarsa, guminsa ne zai bi shi.

Wallahi ni ban ga laifinta ba. Wanda ya fara tunanin a shafa wa katin bashi ruwan zinariya, a kuma sa inji ya nuna wa mutum abin da zai iya ranta kamar abin da ya mallaka, shi ya kamata a tambaya.

Ta sayi katifar. Ta sayi bargo, tebur da kujera, kwanuka, fitila, babbar rigar sanyi, takalma masu gashi a ciki. Ta sayi nama da shinkafa da mai na mutane masu yawa. Wanda ta zaɓa ta ba kayan shi ne Ilarie, makiyayin da ke kiwon tumakin ƙauyen, gwauro tun rasuwar matarsa, wanda ke kwana kan buhunan ciyawa a wata bukka bayan gari. Tsayinsu ɗaya da Anghel, takalmin ma ya zauna masa daidai. Ranar arba'in aka shimfiɗa katifar a tsakar gida, aka kunna kyandir, Ilarie ya zauna a kanta cikin sabuwar riga yana ta sunkuyar da kai. Profira ta miƙa masa komai ɗaya bayan ɗaya da sunan Anghel. An daɗe ana zancen wannan sadaka, ita kuma duk wanda ya yaba sai ta ce, "Ba ni ba ce. Shi ya tanadar wa kansa."

Dusar ƙanƙara ta fara sauka lokacin da wayar Anghel ta yi ƙara. Profira ba ta daina sa mata caji ba, ita ma ba ta san dalili ba. Wata murya mai ladabi ta ce tana neman Malam Anghel Ciobotaru.

"Yana bayan coci, kusa da katanga," in ji Profira. "Sai dai ba ya amsa waya."

Muryar ta gane, ta yi mata ta'aziyya, ta ce daga banki ne, kuma zai yi kyau ta zo da kanta da takardar shaidar rasuwa.

Ma'aikaciyar da ta karɓe ta sa'ar Rodica ce, mai tabarau da muryar mura. Ba ta yi mata tsawa ba, har kujera ta jawo mata. Amma abin da ta faɗa bai yi laushi ba.

"Wannan ba ajiya ba ce, madam. Abin da injin ya nuna miki shi ne iyakar abin da aka yarda ya ranta."

"Ya ranta daga wa?"

"Daga gare mu."

Profira ta kalli katin da ke kan tebur. "Injin wankin fa?"

"Da shi ya saya. Yana biya kaɗan-kaɗan duk wata, bai taɓa saɓawa ba. Akwai saura, da tayoyin mota, da wasu ƙananan abubuwa." Ta gyara tabarau. "Bashi ba ya bin mutum kabari, yana komawa kan abin da ya bari. Daga nan ake biya. Ba wanda zai bi ki ko 'yarki fiye da abin da ya bar muku. Wannan mai sauƙi ne. Amma kuɗin da aka cira bayan rasuwarsa, ba shi ya ci su ba. Katin nan ranar da mai shi ya cika ya kamata a daina taɓa shi."

"Ni na ci," in ji Profira. Ba ta taɓa jin bakinta ya furta wannan magana ba.

Ma'aikaciyar ta ce ta ga dai kuskure ne ba wayo ba, za ta yi magana da na sama da ita a rufe katin, a raba mata biyan wata-wata. Ta faɗi abin da za a riƙa biya da kuɗin ruwansa. Profira ta lissafa da fanshonta, ta ga shekaru ne a gabanta.

Bashin Anghel na kansa bai wahalar da kowa ba. Rodica ta shirya komai ta waya da ofishin da ke raba wa magada gado, aka sayar da tsohuwar motar, aka biya. Profira ta zage shi tas ranar da aka ja motar, ta ce kyawun fuskar ke nan, sannan ta shiga ɗaki ta shafa injin wankin. Wannan ta yafe masa tun kafin ta gama zagin.

Nata bashin ne ya zauna mata a ƙirji. Ba yawan kuɗin ba ma. A saninta, kuma haka ta ji daga tsofaffin da suka koya mata aiki, sadaka da abin hannunka ake yin ta. Kayan da ba a biya kuɗinsu ba ba naka ba ne, to yaya za ka ba da su? Suna nan maƙale a hanya, ba su isa ga mai su ba. Wato Anghel na can kwance a ƙasa da ciwon bayansa, ba takalmi, a tsakiyar hunturu, kuma ita ta jawo masa. Ta je wurin Fada, ya ce mata Allah ba ya tambayar rasit, niyya yake dubawa. Ta sumbaci hannunsa ta fito. A hanya ta ce wa kanta Fadan yaro ne, a birni ya yi karatu.

Rodica ta ce za ta turo kuɗi. Profira ta ce kul, ta binne ubanta, tana da 'ya'ya biyu a makaranta, ya isa haka.

"To mama, ki karɓo kayan mana," in ji Rodica. "Katifar sabuwa ce, teburin ma. A sayar a rage. Ilarie zai fahimta."

"Ki sake faɗin haka in kashe wayar nan."

Matsalar ita ce Profira ba ta jin waya sai ta ƙure murya, kuma a tsakar gida take amsawa. Zenovia na bayan shinge tana shanya. Kafin a kaɗa ƙararrawar yamma, har kurman da ke gadin makaranta ya san cewa arba'in ɗin da aka yi ta yabo da bashi aka yi ta.

Washegari da hantsi sai ga keken doki a ƙofar gidanta. Ilarie ne a cikin tsohuwar rigarsa mai faci, da takalman roba. A bayan keken ga katifa an naɗe ta da leda, ga tebur ƙafafu sama, ga rigar sanyi a ninke, takalman a kanta an goge su.

"Tanti Profira, na kawo," ya ce, bai kalle ta ba. "Ban ɓata komai ba. Katifar ma da bargo biyu nake rufe ta kafin in hau."

Profira ta fito bakin ƙofa. "Ka kawo me?"

"An ce ana bin ki."

"An ce. To ni na aike ka? Ilarie, kai da hankalinka, a gaban kyandir na ba ka kayan nan da sunan mijina. Yau ka zo ka janye masa katifa daga ƙarƙashinsa? Wanda ma bai kai ga hawa ba?" Ta nuna masa hanya. "Juya dokin nan. Kuma ka sa rigar, kana rawar sanyi kamar ɗan tsako."

Da kanta ta kama linzamin ta juya keken. Ta bi shi a ƙafa har bukkarsa, ta tsakiyar gari, mata na leƙe ta labule. Ta tsaya sai da ya shimfiɗa katifar inda take. Da ta dawo gida ta zauna a kujerar kicin, ta rasa abin da ke mata daɗi. Ta hana a mayar da kayan, amma ba ta da abin biyansu.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti Ilarie ya sake dawowa. Wannan karon a cikin rigar sadakar Anghel yake, ya yi aski har ya yanke haɓa. Hannu ɗaya riƙe da igiya, a ƙarshenta tumaki uku masu ciki, ladan kiwonsa na shekarar, waɗanda ya saba sayarwa ya kai kuɗin mashaya kafin sabuwar shekara. Ɗaya hannun riƙe da burodi an soka kyandir a tsakiyarsa, yana kare wutar da ƙirjinsa.

Tun daga nesa Profira ta ɗaga hannu. "In kuɗin katifa ka kawo, koma. Ka biya ni ya zama ciniki, ba sadaka ba."

"Wa ya ce biya ne? Ni ina ruwana da katifarki." Ya tsaya a bakin shinge. "Matata Catinca ta cika shekara bakwai da rasuwa bana. Ban taɓa yi mata komai ba, tanti. Ko cokali. Kin sani, ke kika dafa alkamar jana'izarta da sukarinki." Ya gyara riƙon igiyar. "Na rasa wanda zan ba. Sai na ce bari in ba mai buƙata."

"Ni ce mai buƙatar?"

"To akwai wadda banki ke nema a layin nan bayan ke?"

Ba a mayar da sadakar mamaci. Ita ta sha gaya wa mata haka, duk wanda ya ƙi karɓa ya bar mamacin da yunwa. In ta ce a'a, Catinca ta hana, baiwar Allah da ta mutu ba ta mallaki takalmin kirki ba. Ta gane sarai dabara ce, ta kuma gane ba dabara ce kaɗai ba, don idanun mutumin sun yi ja. Tsawon rayuwarta tana gefen masu miƙawa. Ba ta san hannu na yin nauyi haka in za a karɓa ba.

Ya miƙo igiyar da burodin ta saman shinge. "Don ran Catinca."

Ta karɓa. "Allah ya jiƙanta," ta ce can ƙasa.

"Ban ji ba, tanti. Iska ta yi yawa."

"Allah ya jiƙan Catinca, ya gafarta mata," ta faɗa da ƙarfi, yadda Zenovia ba sai ta wahalar da kunnenta ba. Hawaye na zubo mata, ba ta share ba. "Ka tsaya kana kallona? Buɗe ƙofar ka turo su ta baya."

Tumakin suka haihu kafin sanyi ya wuce, ɗaya ma tagwaye. Ta sayar da 'ya'yan gab da bikin Ista, lokacin da kowane gida ke neman ɗan rago. Ta tatsi nono ta yi cuku, Ilarie na kai mata kasuwa. Da bazara, da 'yan ci-rani suka dawo daga Italiya da Sifen ana ta bukukuwan aure, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta faɗi kuɗin girkinta. Karon farko sai da ta kalli ƙasa. Uwar ango ta biya ba musu, har tana cewa ai tun da can ya kamata. Girkin makoki dai har yau tawul ne da burodi. Alkamar cikar shekara bakwai ɗin Catinca ma ita ta dafa, ta zana gicciyen da ya fi kowane kyau.

Duk wata takan hau bas ta kai wa mai tabarau abin da ta tara, sau da yawa fiye da abin da aka yanka mata. Daga tasha ba ta wucewa gida, sai ta biya bayan coci. Ita ta raba bashin a ranta yadda ta ga dama. Biyan farko ta ce na takalma ne, don ƙafa ta fi jin sanyi, ta gaya wa Anghel ya sa abinsa. Na gaba riga. Sannan kwanuka da abincin da aka ci, fitila, tebur da kujera. Katifar ta fi komai tsada, ita ta rage ƙarshe, kuma duk zuwa sai ta ba shi haƙuri a kanta.

An fara tsinkar inabi ranar da ma'aikaciyar ta duba, ta cire tabarau, ta ce, "Shi ke nan, madam Profira. Ba a bin ki komai." Ta miƙo hannu za su gaisa, Profira ta jawo ta ta sumbace ta a kumatu biyu, ta ajiye mata ƙullin cuku a kan tebur.

Ta sauka daga bas da rana tsaka. Maƙabartar ba kowa sai kajin Fada. Ta cire ciyawar da ta fito a gefen kabarin, ta kunna kyandir, ta zauna a bakin dutsen tana maida numfashi, don gangaren ya fara fin ƙarfin gwiwoyinta.

"Anghel," ta ce, "an biya. Katifar taka ce. Sai ka kwanta ka miƙe bayan nan."